Yadda ake yi wa Windows kishiya a laftof ɗaya, in faifai ya yi gardama

Da hutun ƙaramar salla ɗan ƙanwata ya faɗo shagona da laftof a hammata, ko zama bai yi ba ya ce, "Kawu, gawa aka sayar mini." Ɗalibi ne a Dutse. Malaminsu ya ce kowa ya ɗora Linux, wata babbar manhaja mai tafiyar da kwamfuta kamar Windows, kafin a koma, shi kuma bai shirya rabuwa da Windows ba, don a ciki duk aikinsa na makaranta yake. Ya kwana yana fama. Ya tashi kwamfutar daga filasha, ya zaɓi harshe, ya zaɓi kibod, da ya iso inda za a nuna masa faifai sai ya ga fili fetal, ba komai sai filashar da ya soka da hannunsa. Na ce, "Windows tana tashi?" Ya ce tana tashi sarai. Na ce, "To gawa ba ta tashi. Jawo benci."

Shagon nawa na cajin waya ne da ɗan gyare-gyare, a wani ƙauye tsakanin Gumel da Maigatari. Irin wannan aiki ya ƙaru a hannuna tun da Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, ga kuma Windows 11 ba ta karɓar yawancin tsofaffin laftof na hannu da muke saye, tunda tana neman wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da injin Intel ƙarni na takwas zuwa sama. Abin da na lura da shi shi ne, galibin masu zuwa da kukan faifai ya lalace, faifan lafiyarsa ƙalau. Wani saiti ne ya ɓoye shi, ko rabon da aka yi masa tun farko ya cika. Ɓarnar gaske wajen neman magani take faruwa, lokacin da mutum ya gaji ya danna abin da zai share komai.

Faifai nake nufi da abin da muke ce wa had-dis a shago, ko mai juyawa ne ko SSD. Yanki kuwa shi ne fatishin, wato kason da aka yanka a cikin faifan, kamar yadda ake raba gonar gado a bar gamba a tsakani.

Kafin ka taɓa komai

Kwafe kayanka waje ɗaya da ba cikin laftof ɗin ba. Na san kowa yana faɗin haka kuma ba mai ji, don haka bari in ba ka nawa labarin. Shekarun baya wani shugaban makarantar firamare ya kawo mini tasa in ƙara masa wata Windows kusa da ta ciki. Allo ya rubuto cewa ba za a iya ɗorawa ba, wai faifan GPT ne, wato ɗaya daga cikin tsare-tsare biyu na raba faifai. Na duba a waya, na ga wani ya ce a buɗe diskpart a rubuta clean. Na rubuta. Ko daƙiƙa uku bai ɗauka ba, ya ce an yi nasara. Na ɗora Windows ina jin kaina gwani. Da la'asar Malam ya dawo, ya zauna ya buɗe, ya yi ta neman hotunan bikin 'yarsa da sakamakon jarabawar yara na zango biyu. Bai yi faɗa ba. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya ce, "Yaro, haka Allah ya ƙaddara." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Kalmar clean ba yanki ɗaya take gogewa ba, taswirar faifan gaba ɗaya take ɗaukewa. Da a nan na tsaya, manhajar TestDisk tana iya dawo da iyakokin, amma na riga na zuba sabon gini a kan tsohon.

Sai wuta. Laftof na hannu da yawa batirinsu suna ne kawai, kana zare caja sun mutu. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar matsar da yanki, za a iya rasa abin da ke ciki. Ni da hantsi nake wannan aiki, lokacin da sola ta ɗauki rana sosai, ba da dare da janareta mai tari ba. Ka kuma busa ƙurar da ta toshe fanka, musamman bayan hunturu, domin a zafin watan Afrilu laftof kan kashe kanta ana cikin aiki.

Na uku, makullin BitLocker, wanda Windows ke kulle faifai da shi. Buɗe Command Prompt da ikon Administrator ka rubuta:

manage-bde -status

In ya nuna an kulle faifan, je Settings ka kashe Device encryption, ko ka kashe BitLocker a Control Panel, ka jira har wannan umarni ya nuna Percentage Encrypted ya koma sifiri. Yana iya cin sa'o'i a tsohon faifai. Kafin nan ka nemo lambar ceto, mai lambobi 48, wadda galibi take cikin asusunka na Microsoft, ka rubuta ta a takarda. Dalili kuwa, sauya saitin BIOS kaɗai, wato saitin injin da ake shiga kafin Windows ta taso, ya isa ya sa Windows ta rufe ƙofa ta ce sai ka kawo lambar, in babu ita kuwa ba ni ba, ko masu gyaran titin Beirut a Kano ba abin da za su iya yi maka.

Karanta faifan, ka rubuta a takarda

Danna maɓallin Windows tare da R, rubuta msinfo32. Nemo layin BIOS Mode. Ko dai UEFI ne ko Legacy, wato sabuwar hanyar tashin kwamfuta ko tsohuwa. Rubuta.

Sake danna Windows da R, rubuta diskmgmt.msc. Wannan shi ne taswirar gonar. Ɗauki hotonsa da waya. Ƙirga yankuna nawa ne, har da ƙananan da ba su da harafi. Duba gefen hagu ƙarƙashin Disk 0, Basic aka rubuta ko Dynamic. Sannan danna dama a kan Disk 0, shiga Properties, shiga Volumes, za ka ga Partition style: ko GPT ko MBR. A Windows abubuwan biyu tare suke tafiya, UEFI da GPT, Legacy da MBR. Kusan duk gardamar da za ta biyo baya, amsarta tana cikin wannan 'yar takarda.

Duba lafiyarsa ma, tunda ba a ɗora wa mara lafiya kaya. CrystalDiskInfo ƙaramar manhaja ce ta kyauta. Shuɗi da Good, ci gaba. Rawaya da Caution, duba layukan Reallocated Sectors Count da Current Pending Sector Count, su ne ƙididdigar gurabun da suka fara ruɓewa. In suna da adadi kuma yana ƙaruwa, ko kana jin faifan yana ƙas-ƙas kamar an jefa tsakuwa a gwangwani, kwashe kayanka yau, ka sayi SSD. Raba irin wannan faifai shi ke ƙarasa shi.

In kuma laftof ɗin irin ƙananan nan ne masu ma'ajiyar eMMC ta giga 32, bar maganar kishiya. Windows kaɗai ma da ƙyar take numfashi a ciki. Da muguwar rawa gara ƙin tashi: zaɓi ɗaya.

Faifan da ya ƙi bayyana

Wannan ce matsalar ɗan ƙanwata. Laftof da yawa, musamman na Dell da aka yi wa ma'aikatu, suna zuwa da faifai a ƙarƙashin wani tsari na Intel mai suna RST, a BIOS za ka ga an rubuta RAID On. Windows tana da direban da ke magana da shi, mai ɗora Linux kuwa sau da yawa ba ya ganin faifan sam. Ubuntu, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, kan fito fili ta ce ka kashe RST, wasu kuwa shiru kawai za su yi su nuna maka fili.

Maganin shi ne a mayar da shi AHCI, amma akwai tarko. In ka shiga BIOS kai tsaye ka sauya, Windows za ta gaishe ka da shuɗin allo mai cewa INACCESSIBLE BOOT DEVICE. Kada cikinka ya ɗuri ruwa in hakan ta riga ta faru, mayar da saitin yadda yake za ta tashi. Ga yadda ake bi da ita. A cikin Windows rubuta msconfig, shiga Boot, sa alama a Safe boot, bar shi a Minimal, ka yarda. Ka tabbata ka san ainihin kalmar sirrinka, domin a can ba lallai lambar PIN ta yi aiki ba. Sake kunnawa, kafin Windows ta taso ka shiga BIOS: F2 a Dell da Acer da Asus, F10 a HP, F1 a ThinkPad. Nemo SATA Operation ko SATA Mode ko Controller Mode, ka mayar AHCI, ka adana ka fita. Windows za ta tashi a Safe Mode da baƙin bango da manyan rubutu, a nan take ɗauko direban AHCI da kanta. Koma msconfig ka cire alamar, ka sake kunnawa. Shi ke nan. A wasu Acer layin a ɓoye yake, sai ka tsaya a shafin Main ka danna Ctrl da S ya fito.

In laftof ɗin tana da Intel Optane, kada ka soma da BIOS. Fara kashe Optane daga manhajarta a cikin Windows, domin faifai biyu ne aka ɗinke su kamar ɗaya, in ka farke ɗinkin da ƙarfi kayan ciki ne za su tafi.

Da muka gama wannan, ɗan ƙanwata ya sake soka filasha, faifan giga 256 ya bayyana da yankunansa huɗu. Ya dube ni ya ce, "Kawu, ashe da ransa." Minti goma sha biyar ba mu yi ba.

Abu biyu a gefe. In ka ga BIOS da kalmar sirrin da ba kai ka sa ba, na kamfanin da ya yi amfani da ita a ƙasar waje ne, mayar wa wanda ya sayar maka. Gaba in za ka saya, danna F2 ko F10 a gabansa kafin ka ƙirga kuɗi. Sannan in kwanan wata yana komawa baya duk lokacin da ka cire caja, ƙaramin batirin cikin allon injin ya mutu, galibi CR2032 ne a naɗe da waya biyu. Muddin ba a sauya shi ba, BIOS na iya mantawa ta koma RAID On wata safiya, ka tashi ka ga uwargida da amarya duk sun ƙi fitowa.

Windows ta ƙi matsawa

Ɗakin amarya daga filin uwargida ake yankarsa, kuma gara Windows ta yanka da hannunta. A diskmgmt.msc danna dama a kan C, zaɓi Shrink Volume. Da mega ake rubutawa: giga 40 shi ne 40960, giga 50 shi ne 51200. Ubuntu tana neman aƙalla giga 25, amma wanda zai yi karatu da ita na fi so ya ba ta 50. Bar wa Windows ma sarari, kada ka matse ta har ta kasa sabunta kanta. Filin da ya fito, mai baƙin layi da Unallocated, ka bar shi haka. Kada ka yi masa fomatin, kada ka ba shi harafi.

Sau da yawa za ka ga kana da giga 150 a sarari amma ta ce giga 8 kawai za ta iya bayarwa. Ba rowa ba ce. Akwai fayilolin da Windows ba ta iya ɗagawa tana kunne, in ɗaya ya zauna can ƙarshen yanki, iyaka ba za ta wuce shi ba, kamar kukar da ta tsaya a bakin gona. Uku ne suka fi yin haka. Na farko fayil ɗin barci, ana cire shi da wannan umarni:

powercfg /h off

Wannan ka bar shi a kashe har abada in dai za a zauna da kishiya, zan faɗi dalili a gaba. Na biyu pagefile: rubuta sysdm.cpl, shiga Advanced, Settings na Performance, Advanced kuma, Change, ka zaɓi No paging file. Na uku System Protection, a cikin wannan taga ɗin dai, ka kashe shi, amma ka sani wuraren komawa baya da ya ajiye za su goge. Sake kunnawa, gwada yankan. In ya yi, mayar da pagefile da System Protection nan take, kada ka manta.

In har yanzu ta ƙi, ko ta ce akwai kuskure a yankin, rubuta chkdsk C: /f, amsa da Y, ka sake kunnawa ka bar ta ta gama bincike. Mataki na ƙarshe shi ne GParted da ke cikin filashar Linux, shi yana iya ɗaga abin da Windows ta kasa tunda tana kashe. Ja iyakar daga dama kawai, kada ka taɓa farkon yankin. Bayan haka Windows za ta yi binciken faifai a tashin farko, al'ada ce, kada ka katse ta.

Fili ya samu, amma an ce unusable

Wannan ciwon tsofaffin laftof ne masu MBR. Tsarin MBR gurbi huɗu kawai yake da shi na manyan yankuna, komai girman faifan. GPT kuwa Windows tana ba shi har 128. Laftof ɗin HP na zamanin Windows 7 da yawa sun zo da huɗun a cike tun daga kamfani: SYSTEM, da C, da Recovery, da HP_TOOLS. Ka yanka fili, fili ya fito, amma babu gurbin da za a rubuta sunansa.

A nan ne Windows kan yi tayin da ya halaka mutane da yawa. In ka nemi yin yanki na biyar a cikinta, za ta ce bari ta mayar da faifan Dynamic. Ce a'a. Mai ɗora Linux ba ya iya aiki da Dynamic yadda ya kamata, komawa Basic kuwa ta hanyar Windows sai an goge duk yankunan. In ka riga ka amsa, hanya mafi aminci ita ce kwashe kaya a sake rabon daga tushe.

Abin yi shi ne sadaukar da gurbi ɗaya. Kwafe abin da ke cikin mafi ƙarancin amfani, ko HP_TOOLS ko wani D da ka ajiye finafinai, ka goge shi. SYSTEM ko System Reserved ba a taɓa shi, daga nan Windows take tashi. Da gurbi ya samu, a GParted ka mayar da filin da ka yanka ya zama Extended, a cikinsa kana iya yin ƙananan yankuna masu suna Logical yadda kake so, Linux kuma tana zama a cikinsu ba tare da ƙorafi ba.

Akwai wata hanya ga wanda BIOS ɗinsa ta san UEFI kuma yana kan Windows 10: umarnin mbr2gpt, wanda ya zo tun sigar 1703. Fara da mbr2gpt /validate /allowFullOS, in ya amince sai ka sa /convert a madadin /validate, sannan ka shiga BIOS ka mayar UEFI, in ba haka ba ba za ta tashi ba. Ba ya karɓar faifan da ya wuce manyan yankuna uku ko mai Extended, kuma ba a komawa. Ni ba na yi wa mutum sai na ga kwafin kayansa da idona.

Ya ga faifai, bai ga Windows ba

Alamarsa ita ce zaɓin Install alongside Windows bai fito ba, sai Erase disk a sama yana jiran ka. Janye hannunka daga wannan. Erase disk ɗan'uwan clean ne.

Duba takardarka. In Windows UEFI ce, dole filasha ma ta tashi a UEFI. A jerin tashi, F9 a HP, F12 a Dell da Lenovo, Esc a Asus, sau da yawa filasha sau biyu take fitowa, ɗaya da UEFI a gaban sunan, ɗaya babu. Zaɓi wanda ya dace da Windows. Don tabbatarwa, a cikin Linux ta gwaji buɗe Terminal ka rubuta:

ls /sys/firmware/efi

In sunaye suka fito, a UEFI kake. In ya ce babu wannan wuri, Legacy ne. In filashar ta ƙi fitowa ta hanyar da kake so, koma Rufus, manhajar da ake haɗa filashar da ita, ka sake haɗa ta, ka zaɓi GPT ko MBR daidai da takardarka. Wannan dai shi ne maganin saƙon da ya sa na share wa Malam kaya. Ba faifan ne da laifi ba, filashar ce na tasa a Legacy. Maɓalli ɗaya ne tsakanina da wannan abin kunya.

Dalili na biyu shi ne Fast Startup. Tun daga Windows 8, in ka danna Shut down ba mutuwa take yi duka ba, rabin barci take yi, ta bar yankinta a riƙe. Linux in ta ga haka sai ta ƙi taɓawa, ko ta buɗe maka don karatu kawai. Umarnin powercfg na ɗazu shi ke kashe wannan ɗabi'a, shi ya sa na ce a bar shi a kashe.

Na uku ba kullum ake gamuwa da shi ba, amma a laftof ɗin da suka bi hannaye da yawa yana faruwa: Windows tana aiki lafiya a MBR, mai ɗora Linux kuwa ya nuna faifan gaba ɗaya a matsayin fili. Wani ne a baya ya sauya shi daga GPT ya bar ɓurɓushin tsohuwar taswira. A Terminal rubuta sudo fixparts /dev/sda, in sda ne sunan faifan. In ya ce ya ga ragowar GPT, zai tambaya ko ya goge, ka amsa Y, ka fita da q. Wannan ga wanda takardarsa ta ce MBR ne kawai. Mai GPT na gaske kada ya kusance shi.

Ya fara kwafa ya tsaya a tsakiya

Errno 5, ko Input/output error. Kowa faifai yake zargi, ni filasha nake fara zargi. Ubuntu 24.04 ta kai kusan giga 6, Linux Mint ba ta kai 3 ba, kuma da irin sabis ɗinmu na ƙauye da sai an hau tudu, saukewa kan yanke ta ci gaba sau goma, fayil ya zo da rauni ba ka sani ba. Kowane shafi na hukuma yana ba da lambar SHA256. A Windows rubuta certutil -hashfile, sai sunan fayil ɗin, sai SHA256, ka gwada da tasu. Harafi ɗaya ya bambanta, fayil ɗin ya lalace. Wanda aboki ya tura maka ma haka za ka yi masa.

In lambar ta yi daidai, sauya ramin USB, sannan sauya filasha. Na taɓa sayen wata ranar kasuwa a hannun mai tallan tire, an rubuta giga 64, kuɗinta bai kai na mai 16 ba. Manhajar H2testw ta cika ta ta karanta, ashe abin da take riƙewa bai kai 8 ba, sauran zuba ruwa a rariya ne. Sai duk waɗannan sun fita daga zargi sannan za ka koma kan faifan da RAM.

Rabon da hannu

In Install alongside ya fito, bi shi, ya wadatar. In bai fito ba alhali ka gyara duk na sama, zaɓi Something else a Mint, ko Manual installation a sabuwar Ubuntu. Linux ba ta san C da D ba. Faifan SATA sda ne, yankunansa sda1, sda2. Na NVMe nvme0n1 ne, yankunansa suna ƙarewa da p1, p2. A laftof mai NVMe, sda na iya zama filasharka, don haka da girma ake gane kowa, a nan hoton da ka ɗauka zai yi maka rana.

Zaɓi free space mai girman da ka yanka, danna alamar ƙari, ka ba shi ext4, a Mount point ka sa / kaɗai. Ba sai ka yanka wa swap, wato wurin da ke tallafa wa RAM, yanki ba, Ubuntu da Mint suna yin fayil ɗinsa da kansu. A UEFI akwai wani ɗan yanki na FAT32, galibi mega 100 zuwa 260, mai suna EFI. Zauren gidan ke nan, ta nan kowa ke shiga, su biyun za su yi tarayya a kansa. Kada alamar Format ta hau kansa. A Legacy kuwa, inda aka tambayi wurin ajiye boot loader, ba shi faifan gaba ɗaya, /dev/sda, ba sda1 ba.

Kafin ya fara zai jero yankunan da zai yi wa fomatin. Ni da ƙarfi nake karantawa, mai laftof yana ji. In na ga ntfs ko lambar yankin Windows a ciki, baya nake komawa.

An gama, tsugune ba ta ƙare ba

In ta wuce kai tsaye zuwa Windows kamar ba a yi komai ba, Linux tana nan. Danna F9 ko F12 za ka ga ubuntu a jeri, Mint ma da wannan suna take fitowa. Shiga BIOS ka ɗaga shi sama da Windows Boot Manager. Wasu Acer sai ka sa Supervisor Password, sannan a Security ka zaɓi Select an UEFI file as trusted, ka bi EFI, ubuntu, shimx64.efi. Rubuta wannan kalmar sirri a inda ba za ta ɓata ba. Ubuntu tana tashi da saitin tsaron BIOS mai suna Secure Boot a kunne, masu son Kali Linux kuwa sai sun kashe shi.

In kuma Linux ce ke tashi, jerin GRUB, wato allon zaɓar wadda za ta tashi, babu Windows, rubuta sudo nano /etc/default/grub, ƙara wannan layi a ƙasa:

GRUB_DISABLE_OS_PROBER=false

Adana, ka rubuta sudo update-grub. Tun daga GRUB 2.06 neman maƙwabta a kashe yake zuwa. In ya ƙi duk da haka, kusan tabbas ɗaya a UEFI take ɗaya a Legacy, sai ka sake ɗora Linux ta ƙofar da ta dace.

Ranar da ka gaji da Linux, kada ka fara da goge yankinta, in ba haka ba, za ka tashi da baƙin allo mai grub rescue. A UEFI fara mayar da Windows Boot Manager sama, ka ga ta tashi da kanta, sannan ka goge. A Legacy tashi daga filashar Windows, shiga Repair your computer, buɗe Command Prompt, rubuta bootrec /fixmbr.

Wanda laftof ɗinsa ke da wurin sa faifan DVD yana da mafita da ta fi duk wannan sauƙi: a cire shi a sa kadi, wani ɗan akwati mai ɗaukar faifai na biyu, kaurinsa milimita 9.5 ko 12.7, ka auna naka kafin ka aika birni. Kowa da gidansa, ba yankan fili.

Kwana biyu da komawarsa Dutse ɗan ƙanwata ya bugo waya bayan isha'i. "Kawu, wata sabuwa. Agogon Windows ya koma baya da awa ɗaya, saura kaɗan in makara lacca." Linux tana ajiye agogon injin a lokacin duniya na UTC, Windows kuwa tana ɗaukarsa lokacin gida ne, Najeriya kuma tana gaban UTC da awa ɗaya cif. Na ce ya shiga Linux ya rubuta sudo timedatectl set-local-rtc 1. Zai ga gargaɗi, na masu sauya agogo da rani da hunturu ne, mu ba ma yi. Sannan ya koma Windows ya gyara lokacin sau ɗaya.